Kafinta da Talabijin ɗin Ƙaninsa

Jama'ar shafin nan, kowa ya ajiye abin da yake yi. Wannan labari ba ji na yi ba, ba turo mini aka yi a waya ba, da idona na gani, idon nan biyu da har gobe nake zura zare a allura da su ba tabarau! Wanda ya ce ƙarya ne ya zo ya same ni a benci, ina nan, ba inda za ni.

Akwai wani kafinta a layinmu, a bakin shagonsa nake zama kullum. Kafinta ne na gaske. Idan ya haɗa maka kujera, kai za ka mutu ka bar ta. Ba ya fashin coci, ba ya shan komai, ba ya cin na kowa. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, shi ne ƙaninsa.

Ƙanin direba ne, yana jan motar wani kamfani. Uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu ya bar musu gida mai dogon falo, sai aka ce a raba falon biyu, kowa ya zauna da iyalinsa. Wa zai yi bangon? Kafinta mana. Ya je ya zaɓo katakon da ya fi kowane rashin kauri.

Matarsa ta ce, "Maigida, wannan ai ko tari aka yi a can za mu ji."

Ya ce, "Don iska ta riƙa wucewa na yi."

Iska a bango. Kunnensa yake so ya riƙa wucewa.

Tun daga nan ba abin da ake yi a ɗakin Direba da bai sani ba. Idan an soya ƙwai ya sani. Idan an yi dariya sai ya tambayi matarsa, "Me suka samu kuma?" Idan Direba ya sayi takalmi, ranar ƙafar Kafinta ciwo take yi.

Kafinta 'ya ɗaya Allah ya ba shi, yarinya da ta fara tasowa, ana ce mata Shiru, don idan ta gaishe ka sai ka sunkuya kafin ka ji. Shi kuwa Direba 'ya'yansa uku, babbar sa'ar Shiru ce, ana ce mata Aku, don tun da ta fara magana ba ta tsaya ba. Har wannan ma Kafinta yana jin haushinsa. Yakan ce, "Kowane abu mai ƙara sai ya faɗa ɗakin yaron nan."

To ana nan sai Direba ya sayo talabijin. Ba irin wanda kuka sani ba. Idan aka nuno mutum a ciki sai ka tashi ka ba shi wuri. Ya zo ya ce, "Yaya, kabad za ka haɗa mini da zai ɗauke shi."

Kafinta ya auna talabijin ɗin nan da tef. Ya haɗa kabad mai kyau, ya goge, ya shafa masa mai har kana ganin haƙoranka a jiki. Da ya gama sai ya koma shago a ɓoye ya haɗa wani sak irinsa, awo ɗaya, gurbi ɗaya, ya kai falonsa. Ya ɗauko ɗan tsohon talabijin ɗinsa ya dasa a tsakiyar gurbin. Abin ya zauna kamar ɓera a masallacin... a'a, kamar ɓera a gareji.

Matarsa ta ce, "Wannan fili da ya rage fa, haya za mu bayar?"

Ya ce, "Ki bar shi. Gurbi ba ya zama banza."

Haka ya yi shekaru yana kallon gurbin nan fiye da yadda yake kallon talabijin.

Ran nan da yamma sai ga sallama. Kafinta ya buɗe ƙofa, ya ga Direba da matarsa sun tallabo talabijin ɗin, yara na biye suna kuka kamar za a kai gawa.

Ya ce, "Lafiya? Ya lalace ne?" Da ka ji muryar ka san fata yake yi.

Direba ya ce, "Lafiyarsa lau, Yaya. Ajiya muka kawo. Azumi za mu yi."

"Azumi? Shi talabijin ɗin ne yake cin abincinku?"

"Azumin kallo. Ba fim, ba ƙwallo, ba latse-latsen waya sai don kira. Ni da ita da yara, na ɗan lokaci."

Matar Direba ta ce, "Yaya, jiya ƙaramin nan aka sa ya yi addu'ar cin abinci. Ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan talabijin. Yana cikin gode wa Ubangiji sai ya ce, kai, ya harbe shi. Mu kuma duk muka ce amin, don mu ma can muke kallo."

Direba ya ce, "Ni kuma na durƙusa zan yi addu'a, sai na tarar tsarin 'yan wasa nake jerawa a kaina. Na ga dai ragowar hankali nake kai wa Allah, irin wanda ya saura a ƙasan tukunya. Idan yana ɗakin ba za mu iya ba. Ka riƙe mana."

Kafinta ya sha mur kamar an ɗora masa wahala. Ya ce, "To ya zan yi, ai ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Ku shigo da shi a hankali, kada ku goge mini fenti."

Aka sauke ɗan tsohon, aka ɗaga na Direba aka saka a gurbin. Ya shige cif, ko takarda ba za ta ratsa gefe ba. Direba ya dubi kabad, ya dubi yayansa, ya buɗe baki, matarsa ta taka masa ƙafa. Suka fita.

Jama'a, ranar Kafinta wanka ya sake yi. Ya ɗauko kwat ɗinsa ta zuwa coci ya saka, ya ɗaura lakataya, sannan ya zauna gaban talabijin da rimot a hannu kamar wanda za a ɗauka hoto.

Kwanakin farko ba wanda ya kai shi jin daɗi a duniya. Ga talabijin a gabansa, ga bango a gefensa, kuma abin da ke fitowa daga bango ya fi na talabijin daɗi. Yara na ta rigima. Aku tana cewa a ba ta waya ko ta mutu. Direba da matarsa, da ba su taɓa faɗa ba don ba su da lokacin yi, suka fara faɗa a kan gishiri, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe, a kan wata magana tun ta kafin aure.

Kafinta yakan rage ƙara ya kasa kunne, ya zunguri matarsa. "Maman Shiru, kin ji masu azumi? Azumin kallo. Azumin masu ƙoshi ke nan. Mu da muka yi shekaru muna kallon abu kamar akwatin ashana, wa ya ce mana sannu?"

Ta ce, "Ka bar mutane su nemi Ubangijinsu."

"Su nema mana. Ni na ɓoye shi?"

Ranar Lahadi Fasto ya yi maganar a wa'azi, bai kama suna ba, ya ce akwai wani gida a cikinmu da suka kashe kallo don su ji muryar Allah. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Kafinta ya ji kamar an tsira masa ƙusa a ƙirji. Wato abin da ya yi shekaru yana mafarki, yaron nan ya yar da shi, kuma a kan yarwar ma yabonsa ake yi. Da yana da talabijin ya fi shi, yanzu ba shi da talabijin ya sake fin shi. Ya dawo gida ko abinci bai ci ba.

Sai ya ƙudura a ransa sai ya karya azumin nan.

Aka zo ranar wani babban wasan ƙwallo, kulob ɗin da Direba ke mutuwa a kai. Shi Kafinta ko dokar wasan bai sani ba. Amma ya buɗe ƙofa, ya ɗage labule, ya ƙure ƙara. Da an taɓa ƙwallo sai ya buga tsalle ya yi ihu, ko ta fita waje ne.

Can sai ga Direba ya shigo da baya da baya, ƙeyarsa ga talabijin, fuskarsa ga ƙofa, gumi na bin wuyansa.

Ya ce, "Yaya, guduma za ka ara mini."

"Me za ka buga?"

"Zan samu."

"Tana ƙarƙashin kabad. Juyo ka ɗauka."

"Miƙo mini dai."

"Bayana na ciwo. Kai, ka ga abin da yaron nan ya yi kuwa? Ɗan juyo ka gani, ai kallo ɗaya ba ya karya azumi."

Direba ya tsaya. Na rantse muku wuyansa ya fara juyawa da kansa, kamar fanka mai ƙarancin wuta. Ya kai rabi. Sai ya sa hannu biyu ya riƙe kansa, ya ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Ya fice ba guduma.

Kafinta ya yi tsaki ya kashe wasan, don shi ma ya ishe shi.

A hankali kuma sai bango ya canza magana. Rigima ta ragu. Bayan an ci abincin yamma sai ka ji Direba yana karanta Maganar Allah yana tuntuɓe, Aku tana yi masa gyara, kowa ya fashe da dariya. Sai tambayoyi. Ƙaramin ya tambayi ko kifi yana addu'a. Sai a yi shiru, irin shirun da Kafinta bai taɓa ji daga ɗakin ba, sai addu'a ƙasa-ƙasa, kowa da tasa. Wata rana ya ji ƙaninsa yana roƙon Allah ya albarkaci hannun Yaya da shagonsa. Ya yi sauri ya janye kunne kamar ya taɓa dutsen guga.

Ya ce, "Wa ya aike shi?"

Sannan sai waƙa ta shigo.

Da farko duka suke yi, hayaniya ce kawai. Ran nan sai sauran suka yi shiru, murya ɗaya ta ci gaba, muryar yarinya. Jama'a, na yi yawo a duniya, na ji masu waƙa, wasu ma ni na koya musu, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Siririya ce, ba ta rawa, tana hawa a hankali kamar hayaƙi ranar da ba iska. Ni da nake benci a waje sai da na cire hula.

Kafinta na zaune, rimot a hannu, bakinsa a buɗe. Tsikar jikinsa ta tashi. Da aka gama ya ga idonsa ya jiƙe, sai haushi ya kama shi.

Ya ce a ransa, Aku ce. Wato ba surutu kaɗai ba, har da wannan aka ba ta. Mota ga Direba, talabijin ga Direba, yabon Fasto ga Direba, yanzu kuma murya ga 'yar Direba. Shi fa? An ba shi yarinyar da ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi.

Matarsa ta leƙo daga kicin fuskarta a sake, ta ce, "Maigida, ka ji kuwa? Ka san..."

Ya ɗaga mata hannu. "Na ji. Ba sai kin ƙara mini ba. Bari in ga labarai."

Ta sake gwadawa washegari, ya ce ana tsakiyar fim. Ta sake gwadawa, ya ce idan maganar ɗakin can ce ba ya so. Ta ce, "To shi ke nan," ta ja bakinta.

Da safe Shiru ta kawo masa shayi. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke dai kin ji kunya. Kina jin 'yar'uwarki kullum tana tsayar da mutane a titi da murya. Ke ko kaza ba za ki iya kora ba. Ki riƙa zuwa kina koyon buɗe baki."

Yarinya ta ɗago kai, idonta ya yi wani haske, ta ce, "Baba..."

Ya riga ya juya yana neman tasha.

Da yamma murya ta sake tashi. Wannan karon bai tsaya ji ba. Ya ciro lasifikar talabijin, ya ja waya, ya manna ta jikin bangon katako, ya ƙure ƙara har kofuna na rawa a kan tebur. Tallar sabulu ake yi. Muryar ta yi ƙoƙari ta haura, ta sake ƙoƙari, sai ta yanke a tsakiyar baiti.

Ya ce, "Yawwa. Kowa ya ji da ɗakinsa."

Washegari haka. Wanshekare haka. Da ta fara sai ya danna. Har ya ƙware, yana jin an ja numfashin farko yatsansa na kan rimot. Matarsa ta ce, "Za ka yi kuka da wannan yatsan." Ya ce ta je ta duba tukunya.

Sai waƙa ta ɗauke gaba ɗaya. Ana karatu, ana addu'a, ba waƙa. Kafinta ya yi nasara. Sai dai abin mamaki, nasarar ba ta yi masa daɗi ba. Yakan rage ƙara da kansa ya jira, ba komai. A lokacin ne ma ya lura Shiru tana zaune a lungun falo kan tabarma, ta haɗa kai da gwiwa. Ya ɗan yi tunanin kamar kwanan baya ba ya ganinta a wurin da yamma. Tunanin bai yi nisa ba, aka dawo daga talla.

Ran nan da rana yana shago yana yanka katako, ina benci, sai ga Aku za ta wuce da bokiti.

Ya ce, "Ke, sarauniyar mawaƙa. Ina muryar? Mura ta kama ki, ko batir ya ƙare?"

Ta ajiye bokiti. "Wace murya, Baba Babba?"

"Wadda kike hana mutane sakat da ita."

Aku ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Ni? Ni da aka kore ni daga ƙungiyar mawaƙa, aka ce muryata kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba? Ai Shiru ce."

Zarto ya tsaya a cikin katako.

"Wace Shiru?"

"Shiru nawa gare ka, Baba Babba? Tun da muka kashe kallo take shigowa wurinmu. Ranar farko ko uffan ba ta ce ba. Rannan muna waƙa sai Mama ta ce kowa ya tsaya, akwai wata murya a ƙasa. Muka tsaya, ashe ita ce. Har an ce za ta yi ita kaɗai a coci." Ta ɗauki bokitinta. "Amma ta fasa. Ta ce ba za ta ƙara ba har abada."

Da ƙyar ya ce, "Don me?"

"Ta ce babanta ba ya son muryarta. Da ta buɗe baki sai ya ƙara ƙara."

Ta wuce abinta tana surutu da bokiti.

Ni dai na ga mutane sun sha duka a rayuwa, amma ban taɓa ganin wanda aka daka ba a taɓa shi ba sai ranar. Ya zauna a kan garin katako. Ya dubi babban yatsansa na dama kamar na wani ne aka ara masa.

Kuna zaton nan take ya tuba? Ba ku san Kafinta ba. Abin da ya fara tasowa a ransa kishi ne. 'Yarsa, ta cikinsa, ta rasa inda za ta buɗe baki sai ɗakin ƙaninsa. Ya tashi da garin katako a wando ya je ya tare Direba yana wanke mota.

Ya ce, "Komai ka ɗauka ban yi magana ba. Yanzu 'yar tawa guda ɗaya ita ma ka haɗa?"

Direba ya matse tsumma. "Me na ɗauka, Yaya?"

"Ka san abin da ka ɗauka. Me kuka ba ta? Me kuka yi mata da ni ban yi ba?"

"Ba abin da muka ba ta. Shiru kawai muka yi. Mu ma ba don ita muka yi ba, don mu ji Allah muka yi, sai muka ji ta a hanya." Ya ƙara da cewa, "Kullum sai ta zaɓi kusa da bango take tsayawa. Na ce ta dawo tsakiya, ta ce a'a, nan Baba zai fi ji."

Kafinta ya kau da kai. Ya ce, "Zo ka ɗauki tsiyar talabijin ɗinka."

"Azumi bai ƙare ba, Yaya."

"To in kai shi ina?"

"Kai ne babba."

Ya juya ya koma shago. Ya auna wani falanki, ya yanka, ya cika aljihu da ƙusa, ya ɗauki gudumar nan da ya hana ƙaninsa. Ya shiga falo. Matarsa da Shiru na zaune. Ya zare lasifika daga bango, ya jefa ta cikin kabad, ya jefa rimot, ya kafa falankin a bakin gurbin da talabijin a ciki, ya shiga bugawa. Ƙusa kusa da ƙusa, kamar mai rufe akwatin da zai tsallaka teku.

Matarsa ta ce, "Ai da cire wayar wuta ka yi ya isa."

Ya ce, "Na san hannuna."

Da ya gama falo ya yi tsit. Sai ƙarar agogo, wanda ashe yana da ƙara. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar 'yarsa, abin da bai yi ba tun tana rarrafe.

Ya ce, "Ban san ke ce ba."

Ta ci gaba da kallon tabarma.

"Na zaci Aku ce. Haushi na ji don ta yi daɗi da yawa."

Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Da Aku ce ma ai da ba daɗi abin da ka yi, Baba."

Wannan ta shige shi fiye da ƙusoshin da ya buga. Ya ce, "Haka ne." Ya ƙara da cewa, "Ki yi mini ko baiti ɗaya."

Ta girgiza kai, ta tashi ta shiga ɗaki.

Haka aka yi ta tafiya. Kowace yamma yana zaune gaban falanki, ba kallo, ba waƙa. Hannunsa na ta neman rimot a kan kujera. Ya roƙa, ta ƙi. Ya sa uwar ta roƙa, ta ƙi. Ya sayo mata takalmi, ta gode, ta ƙi. Da ya rasa yadda zai yi sai ya fara addu'a, kuma ya gaya mini da bakinsa cewa ranar ce ta farko da ya yi addu'a tun daga farko har amin bai ambaci abin da Direba yake da shi ba.

Ran nan da yamma ya shigo da wata 'yar kujera yana goge ta da samfefa a falo, don hannu ya sami abin yi. Bai san lokacin da ya fara rera waƙar ba, wadda ya riƙa dannewa. Ashe duk ta zauna masa a kai. Muryar Kafinta kuwa, Allah ya ba shi hannu ya hana shi maƙogwaro. Karen maƙwabta ya fara amsawa. Daga bayan bango aka ji Aku ta ce, "Mama, an samu wanda na fi."

Shiru tana wanke kofuna. Kafaɗarta ta fara rawa. Ta daure, ta daure, ya kai wurin da waƙar ke hawa ya faɗo kamar buhu daga mota.

Ta ce, "Baba, ba haka ba ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Haka ne mana. Ni na ji da kunnena."

"A'a. Nan wurin sama ake yi."

"Sama ina? Ai sama na yi."

Ta ajiye kofi ta ce, "Ji."

Ta yi baitin. Ta yi na biye. Samfefa ta tsaya. Bayan bango aka yi tsit, sannan a hankali suka shigo suna amsa mata ta cikin katakon nan marar kauri, wanda ranar ce ya fara yin aikin kirki tun da aka kafa shi. Kafinta ya sunkuyar da kai, ya ce garin katako ne ya shiga masa ido. Matarsa ta ce, "Ƙwarai, ido biyu lokaci ɗaya."

Ranar da ta yi waƙar a coci shi ne a layin gaba. Ana gamawa ya juya yana gaya wa mutanen da suka san shi tun yana yaro, "'Yata ce. Tawa ce. Ni na haife ta."

Da azumin su Direba ya ƙare, ya zo karɓar kayansa. Kafinta ya ce ya dawo wani lokaci, shi nasa bai ƙare ba, kuma cire ƙusa aiki ne. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka sani, nawa azumin ya fi naka. Kai ajiya ka bayar, ni ƙusa na buga." Direba ya ce, "Ka fi ni, Yaya." Mutumin nan ya yi shekaru yana jiran wannan magana, da ta zo ko juyowa bai yi ba, don Shiru ta fara waƙa a kicin.

Duk abin da na faɗa muku haka ya faru, ko a gaban wa zan maimaita. Sai dai kwat da lakataya, wannan ni na saka masa. Singileti ce a jikinsa, mai huji a ciki.

Darasi: Mai leƙen abin da ke ɗakin wani ba ya ganin abin da Allah ya ajiye masa a nasa, har yakan sa hannu ya danne shi da kansa. Ka rage ƙarar da ke gidanka ko na ɗan lokaci ne, ka ji Ubangijinka, ka ji iyalinka, tun kafin su daina magana. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san yanzu haka rimot na hannunsa.